Ƙashin da Aka Ajiye wa Yaya a Ciki

Yayana ya komo daga Abijan da rami a kai da dutse a ciki. Haka muke faɗi a lokacin. Abin da ba mu sani ba, mu duka gidanmu na Barmu, har ni da na yi lakwal, wato boko, nake karantar da ɗiyan mutane a Tawa, shi ne dutsen nan ƙashin kansa ne. Likitocin can suka ciro shi, suka tsaga fatar cikinsa suka ajiye masa, don in kumburin ƙwaƙwalwa ya sauka a mayar da shi wurinsa. A cikinmu shi kaɗai ya san haka, shi kuma ba ya iya magana.

Kamar yawancin mazan Adar, da an gama girbi Yaya yake ɗaure jaka ya yi kudu. Aikinsa can sauke buhunan albasa daga bisa manyan motoci. Ƙaƙƙarfa ne, ga surutu. In ya komo da damina, tun daga bakin gari ake jin muryarsa yana tsokanar mutane, kuma ni ya fi sa wa ido. Madam alli yake ce mini, wai hannuna bai san tabarya ba sai alli. A shekarar da abin ya faru ƙafarsa ta zame daga saman lodi, ya faɗo da gefen kansa na hagu bisa kwalta. 'Yan garinmu da ke can suka kai shi asibiti aka yi masa aiki. Da ya fara iya zama, sai suka ga gara a kai shi gaban mahaifiyarsa. Wanda ya yi magana da likitoci daban, wanda ya rako shi a mota daban, saƙon kuma ya bi baki da baki kafin ya iso. Abin da ya iso Barmu shi ne: an yi masa aiki a kai da ciki, a kiyaye kada ya bugu, in ya ji sauƙi ya koma.

Ran da na je ganinsa na iske shi zaune bisa tabarma, an jingina shi da bangon ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Hannunsa na dama a yashe bisa cinya kamar ba nasa ba. Inna ta ɗaga masa hula ta ce in duba. Saman kunnensa na hagu, wuri mai faɗin tafin hannu ya lotsa, fatar tana ɗagawa tana sauka tare da bugun zuciyarsa. Na durƙusa gabansa.

"Maɗigarshi ce ta sake buɗewa," in ji Inna, tana nufin wurin nan mai taushi na kan jariri. "Na taɓa ruhe ta, in sha Allahu ina sake ruhe ta."

Cikin duk maganar duniya, kalma ɗaya ce ta rage wa Yaya: wallahi. Da ita yake gaisuwa, da ita yake neman ruwa, da ita yake faɗa. Yana jin duk abin da ake cewa, ana gani a idonsa, amma in ya buɗe baki ita kaɗai ke fitowa. Bai yi lakwal ba, hannun da ya riƙe alkalami a makarantar allo kuma shi ne ya mutu. Da na zauna kusa da shi, ya kama hannuna da na hagunsa ya ɗora bisa cikinsa, gefen cibiya, ƙarƙashin wani sabon tabon ɗinki. Na ji abu mai tauri, mai faɗi, a ɗan lanƙwashe kamar sakaina. Sannan ya ɗaga hannun nawa ya kai bisa ramin kansa. Ya mayar ciki, ya sake kaiwa kai, yana kallona yana cewa wallahi, wallahi.

"Kin gani ko?" in ji Inna. "Kowa ya zo haka yake nuna mishi. Daga ciki ciwon yake hawa kai."

Ni ma haka na ɗauka. Mene ne kuma mutum zai ɗauka? Wa ya taɓa jin an ajiye wa mutum kansa a ciki?

Inna ta shiga aiki ba kama hannun yaro. Ta kwaɓa irin maganin da ake shafa wa jarirai in maɗiga ta faɗa, tana lafta masa a kai safe da yamma. Ga jiƙe-jiƙen saiwoyi don dutsen ya narke, ga rubutun sha daga malamai har na Afala. Yaya bai ƙi ko ɗaya ba. Abin da aka miƙa masa ya shanye, ko da ɗacinsa zai sa jaki kuka. Abu guda ne bai yarda da shi ba, a matsa masa ciki. Shi zai ɗora hannunka a hankali, amma ka ce za ka danna ko ka murza, sai ka ji hannun hagun nan ya make ka. Ko barci yake, a naɗe yake kwana, hannunsa bisa wurin.

Akwai abin da na lura da shi, ban san ma'anarsa ba sai daga baya. Da safe in ya tashi daga kwance, ramin ya cika, idonsa garau, har ya yi dariya in an yi abin dariya. Amma a garinmu maras lafiya ba ya tarbar 'yan dubiya a kwance in dai yana iya zama, rashin kunya ne. Sai a tashe shi a jingina, mutane su yi ta shigowa, na Barmu, na Kalfu, na ƙauyukan dangin matarsa. Kafin la'asar ramin ya zurma kamar kasko, kansa ya langaɓe, yawu na zuba. Inna ta ce da yamma abin yake cin abincinsa.

Na ce a kai shi asibiti a Tawa. Inna ta ce, "Asibiti sun yi nasu, ga shi nan kina gani. Wanga ba na asibiti ba ne." Lokacin magana ta riga ta zaga gari cewa jifa ne, wani mai baƙin ciki a Abijan ya jefe shi, shi ya sa ma ƙafar ta zame. Muka yi ta ja da ita, ni ma ba kanwar lasa ba ce wurin taurin kai, daga wurinta na gado. A ƙarshe ta ce to, in an ba mu hutun lakwal in zo in ɗauke shi. Da baki ta yarda.

Wata asabar kafin hutun na sauka daga motar kasuwa da hantsi, na iske takalman maza jibge a ƙofar gida. Tsakar gida an hura gawayi, an sa wani siririn ƙarfe a ciki ya yi ja. Gefe ga wanzamin gidanmu zaune da zabirarsa. Tsoho ne sa'ar Inna, shi ya yi wa Yaya askin suna da kaciya, mutum mai sanyin hannu wanda bai taɓa cutar kowa da gangan ba. Sakiya za a yi, a huda kumburin da ƙarfe mai zafi don abin da ke ciki ya fito. Kawu, ƙanen Inna, shi da waɗansu majiya ƙarfi sun danne Yaya bisa tabarma. Mutum mai rabin jiki, amma sai da suka yi gumi.

Na yar da jakata na ce, "Kawu, don girman Allah ku sake shi! Ba ku ganin ba ya so?"

"Wane maras lahiya ne ka son magani?" in ji Kawu. "Koma wajen mata."

Ban koma ba, ban kuma iya hana komai ba. Yaya ya juyo da kai yana kallona, yana ta wallahi, wallahi, har muryarsa ta dushe. Wanzami ya yi bisimilla ya soka ƙarfen. Ƙauri ya tashi, sai muka ji ƙas, ƙarfe ya ci karo da abu. Tsohon ya zare hannunsa da sauri. Ya sake taɓawa a hankali, ya ɗago ya dubi Inna.

"Wanga ƙashi ne," ya ce.

Gida ya ɗauki salati. Kawu ya ce, "Kun ji ko? Da ƙashi anka jehe shi!" Abin da kowa ke zato ya tabbata ke nan, har waɗansu na yi wa Inna barka an gano. Wanzami dai ya ce shi iyakarsa nan, bai taɓa fidda ƙashi daga cikin mutum ba kuma ba zai fara yau ba. Ya cusa garin magani a ramin ya ɗaure da tsumma.

Da aka sake shi, Yaya bai sake cewa wallahi ba. Ya juya fuskarsa wajen bango. Daga ranar ya bar tsaron cikinsa, kowa ya ga dama ya taɓa, ko motsi ba ya yi. Inna ta ce alamar sauƙi ce. Ni kuwa abin ya fi ihun tsorata ni.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya rufe shi, wurin ya kumbura ya fara ruwa, ɗakin ya ɗauki wari. Wannan karon ban nemi izinin kowa ba. Maigidana ya samo mota, muka sa shi a baya muka yi Tawa.

Likitan da ya karɓe mu saurayi ne. Ya cire hular ya dubi kan, ya ɗaga rigar ya dubi tabon ɗinkin da tsumman, sai ya dafe kansa da hannu biyu. Ya tambaye ni wa ya taɓa wurin nan, na faɗa masa. Bai zage mu ba, da ma ya zaga da na fi jin daɗi. Ya aika aka ɗauki hoton kai da na ciki, ya ɗaga su biyun wajen taga ya kira ni. A na kan ga wuri baƙi inda babu ƙashi. A na cikin ga abu fari kwance, girmansu ɗaya, siffarsu ɗaya. Ko ɗan aji ɗaya zai haɗa su.

Ya sunkuya wajen Yaya ya ce da Hausa, "Malam, ƙashin kanka ne sunka aje maka nan, ko ba haka ba?"

Yaya ya cafke wuyan hannun likitan. Ya ce wallahi, da wata irin murya da ban taɓa ji ba, hawaye na bin kuncinsa. Ya ɗora hannu a ciki, ya kai kai, kamar yadda ya yi mana ba adadi. Na fita na zauna a ƙasa bakin ƙofa, da zanena na fita da komai, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar babanmu. Haushi nake ji, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa.

Da na koma likitan ya yi mini bayani. In kai ya bugu da ƙarfi ƙwaƙwalwa kumbura take, ƙoƙon kai kuma ba ya buɗewa ya ba ta wuri, sai ta matse mutum ya mutu. Shi ya sa ake yanke wani ɓangare na ƙashin a ɗaga, a rufe da fata kawai. Ƙashin kuwa dole a adana shi da tsabta har lokacin mayarwa. Wani wuri a injin sanyi na musamman ake sa shi, wani wuri a ƙarƙashin fatar cikin mai shi. "Cikin ya hi tabbas," ya ce, "ba a ɗauke mishi wuta, kuma duk inda mutum ya tahi da abinshi yake tahiya." Sannan ya ce wannan aikin ya fi ƙarfinsu, mu wuce Yamai babban birni, kuma kada in sa rai da yawa a kan ƙashin.

A Yamai aka sa Yaya cikin na'urar da suke kira sikana, wadda ke nuna kai yanki-yanki. Babban likitan kai ya nuna mini yadda ƙwaƙwalwar ta karkata gefe. Ya ce in babu ƙashi, iskar duniya kanta nauyi ce bisa ƙwaƙwalwa, kuma ta fi dannawa in mutum na zaune ko tsaye, shi ya sa irinsu suke fin kyau a kwance. Na tuna 'yan dubiya da tabarmar nan ta jikin bango.

Suka buɗe cikin suka fidda ƙashin. Ƙarfen wanzami ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, mugunya ta kwanta kewaye da shi, ta ci gefensa. Likita ya ce ba zai mayar da shi ba ko da wa ya roƙe shi, don ɗora shi bisa ƙwaƙwalwa daidai yake da kashe mai shi. A gaban Yaya ya faɗa. Yaya ya rufe ido. Can ya miƙa hannun hagu, tafin a buɗe, ya ƙi saukewa. Wannan karon na gane. Na ce, "Likita, abinshi yake so." Suka wanke shi da maganinsu, suka naɗe suka ba mu.

Sai da muka jira ciwon cikin ya warke sarai, ana ta allurai, kafin a taɓa kan. A zaman nan na ga ashe ba mu kaɗai ba ne. Masu faɗuwa da babur sun fi yawa. Akwai makiyayi da aka sara da sanda wurin rigimar gona, ƙashin ya farfashe ya shige ciki. Akwai wata mata da ƙari ya ci mata ƙoƙon kai, da jaririyar da aka haifa da wurin a buɗe. Duk wanda na ji an ce an yi masa ajiya a ciki, sai na bi danginsa har waje in ce, ku ji nan, kada ku bar kowa ya taɓa. Har ma'aikatan suka fara ce mini in zo su ba ni farar riga.

Abu biyu ake rufe irin wannan rami da su in ƙashin mutum ya lalace: ragar wani ƙarfe mara tsatsa, ko abin da suke kira siminti. Da na ji siminti na ce, wane irin siminti, na gini? Likita ya yi dariya ya ce gari ne da ruwan magani ake kwaɓawa a ɗakin aiki, a fasalta shi daidai ramin tun yana da taushi, in ya daskare a ɗaure shi da ƙashin da ke kewaye. Shi aka sa wa Yaya. Da aka kwance bandejin, kansa ya koma zagaye kamar na kowa, sai dogon tabo da gashi ya rufe daga baya.

Hannun bai komo duka ba, har yau ba ya riƙe kalmen noma. Amma magana ta fara tsattsafowa. Wata safiya ina fama da murfin kwanon abinci ya ƙi buɗuwa, na ji daga gado an ce, "Al... alli." Na juya. Bakinsa a karkace, yana dariya. "Madam... alli." Na ce, "Ka ga mutum! Duk maganar duniya da wagga za ka hwara?" Muka yi dariya har majinyacin gado na kusa ya tambayi lafiya.

Ni na gaya wa Inna gaskiyar abin, wata rana da na leƙa Barmu tun kafin a sallame shi. Ta saurara har na gama ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne. Sai ta tashi ta kwashe ƙullin saiwoyin nan duka ta zuba a murhu.

Da muka komo Barmu, aka tambayi liman yadda za a yi da ƙashin. Ya ce abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ba a yar da shi, a naɗe shi a farin ƙyalle a binne a maƙabarta, ba sai an yi salla ba. Aka sa rana bayan la'asar. Wanzami, wanda tun ranar sakiya bai sake taka gidanmu ba, ya zo da magirbi a kafaɗa ya tsaya daga zaure, ya ce in an yarda shi zai gina ramin. Yaya ya dube shi ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai.

Ƙullin ƙashin yana hannun Yaya, tun daga Yamai bai ba kowa ya riƙe ba. Inna ta fito da ƙwarya da ruwa ta durƙusa gabansa ta ce, "Ba ni in wanke maka." Ya ƙara matse shi a ƙirji. Ta ci gaba da miƙa hannu, ba ta sauke ba. Can ya ba ta.

Ta kwance shi. Abin ɗan kaɗan ne, ya yi ruwan ƙasa, ga ƙananan hudoji a gefe inda likitoci suka yanka, ga kuma ɗan tabo baƙi a tsakiya inda ƙarfe ya taɓa. Ta sa shi a ruwa tana shafawa da yatsa a hankali, yadda ake wanke kan jariri. Yaya na kallonta. Ya ɗora hannu a cikinsa, ya kai kansa, ya yi ta kokawa da harshe har kalmomin suka fito.

"Na... hwaɗa... muku."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka hwaɗa, ɗana. Kullum kana hwaɗi. Mu ne ba mu ji ba."

Ta tsane shi da gefen zanenta, ta naɗe a farin ƙyallen ta miƙa masa da hannu biyu. Maza suka fita, shi a gaba yana jan ƙafa, wanzami na biye. Mu mata ba mu zuwa maƙabarta, muka tsaya tsakar gida. Na kai hannu zan ɗauki ƙwaryar in zubar da ruwan, Inna ta riƙe. Ta tashi da ita ta zaga bayan ɗakinta, gindin bango inda aka binne cibiyarsa ran da aka haife shi, ta durƙusa ta tsiyaye ruwan a wurin.